Daga Shabu Zuwa Ikko: Abin Da Ke Faruwa Idan Gyaran Na'ura Bai Isa Inda Aka Aika Shi Ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lafiya zuwa Akwanga ya san Shabu. Gari ne na manoma a bakin titi, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, kuma a nan ne Jami'ar Jihar Nasarawa ta ajiye sashenta na koyon aikin gona. Doya da shinkafa da riɗin wannan yanki suna cikin kayan da manyan motoci ke saukewa a kasuwannin Kurmi, saboda haka ko ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabon Badun bai taɓa taka garin ba, mai yiwuwa ne ya ci abin da aka noma a can. A lissafin hukumar zaɓe kuwa, an gama Shabu da maƙwabciyarta Kwandare a mazaɓa guda, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Lafiya.

Ranar Asabar 25 ga watan Fabrairu 2023 mutanen Shabu suka fita zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisun tarayya kamar sauran jama'ar Nijeriya. Mai karatu dai bai manta da halin da ake ciki a lokacin ba. Takardun Naira sun yi wuya saboda canjin kuɗi, man fetur ya yi ƙaranci, amma duk da haka 'yan Arewa masu yawa suka rufe shagunansu a Kudu suka yi tattaki zuwa gida domin su jefa ƙuri'a inda suka yi rajista. Da aka gama jefawa aka zazzage akwatuna uku, mai jan murfi na shugaban ƙasa, mai baƙi na sanata, mai kore na ɗan majalisar wakilai. Aka ƙidaya a gaban jama'a, aka rubuta sakamako a takardar da ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu suka sa hannu. Abin da ya rage shi ne jami'in rumfa, wanda galibi ɗan hidimar ƙasa ne, ya ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS ya aika ta intanet, domin kowa ya gani a shafin hukumar mai suna IReV.

To, a nan ne aka yi cirko-cirko. Inda akwai sabis, hoton takardar sanata ya tafi, na ɗan majalisar wakilai ma ya tafi, amma na shugaban ƙasa ya ƙi. A sake gwadawa, ya sake ƙi. Jama'a na tsaye rana ta yi sanyi, wasu na zargin jami'in rumfa da haɗa baki, shi kuwa bawan Allah ba shi da abin yi sai latsa na'ura. Abin da ya faru a Shabu shi ne ya faru a Mushin da Fagge da Anaca, domin kuwa cikin rumfuna fiye da 176,000 da aka yi zaɓe a wannan rana, babu wadda takardar shugaban ƙasarta ta shiga shafin sai ƙarfe 8:55 na dare, kamar yadda ita kanta hukumar zaɓe ta bayyana daga baya.

NA'URAR DA AKA SA WA RAI

Abin da ya sa al'amarin ya yi wa jama'a zafi shi ne irin alkawarin da aka yi musu. Tun a zaɓen 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, aka fara amfani da na'urar karanta katin zaɓe, kuma ita ma ta ba da wuya a ranar farko. Ran 28 ga Maris na wannan shekara na'urorin suka kasa karanta katin Shugaba Goodluck Jonathan a garinsu Otuoke, har sai da aka tantance shi da takarda. Ɗaya daga cikin dalilan da hukumar ta bayar a lokacin shi ne wai waɗansu ma'aikata ba su ɓare 'yar ledar da ke manne a idon sabuwar na'ura ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Shafin IReV kuwa a Jihar Nasarawa aka fara gwada shi, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a majalisar dokokin jiha, ran 8 ga Agusta 2020. Na'urar BVAS, wadda ke tantance mutum da yatsa ko da fuska, aka fara aiki da ita a Jihar Delta cikin Satumba 2021. Daga nan aka yi zaɓen gwamnan Anambra a Nuwamba 2021, na Ekiti a Yuni 2022, na Osun a Yuli 2022, kuma a na biyun nan na ƙarshe sakamako ya riƙa shiga shafin tun kafin dare ya yi nisa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar zaɓe ran 25 ga Fabrairu 2022, shekara guda cif kafin ranar da ake magana. Shugaban hukumar na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sha nanatawa cewa jama'a za su ga sakamakon rumfunansu nan take. Saboda haka mutane suka je rumfa da zuciya ɗaya, suna ganin kwanan maguɗi ya ƙare.

YADDA AKA BI SAWUN ƁARAKAR

A watan Fabrairu 2024 hukumar ta fitar da rahoto mai shafi fiye da 500 a kan zaɓen, kuma a ciki ta zayyana yadda injiniyoyinta suka bi sawun matsalar. Labarin yana da amfani ga duk wanda aikinsa ya rataya a kan kwamfuta, ko da bai damu da siyasa ba.

Da ƙorafi ya fara isowa daga jihohi da yammacin ranar, tambayar farko da masu gyara suka yi ita ce: me ke tafiya, me ba ya tafiya? Tun da takardun sanata da na wakilai suna wucewa daga na'ura guda, a wuri guda, da sabis guda, ke nan ba a iya ɗora laifin a kan na'urar hannu ko kamfanin waya ko jami'in rumfa ba. Sa'an nan saƙon kuskuren da ke dawowa irin wanda ke nuna cewa cikas ɗin yana can cikin babbar kwamfutar da ke karɓar hotuna ne, wadda masu sana'ar ke kira saba. Da wannan aka daina neman ɓarawo a daji, aka koma cikin gida.

Ga abin da aka tarar. An tsara manhajar ne yadda duk hoton da ya iso za ta fara tambaya, na wace jiha ne, sa'an nan ta buɗe masa wurin ajiya a ƙarƙashin wannan jiha. Mai karatu ya kwatanta da ma'aikacin gidan waya wanda aka ba akwatuna 37, ɗaya ga kowace jiha da ɗaya na Abuja, aka ce masa kada ya ajiye wasiƙa sai a akwatin jiharta. A ranar an yi zaɓe iri 470 ne: kujerun sanata 109, na wakilai 360, da kujerar shugaban ƙasa guda. Kowace kujera ta sanata ko ta wakilai tana cikin wata jiha ko Abuja, don haka ta sami akwati. Kujerar shugaban ƙasa kuwa mazaɓarta ita ce Nijeriya baki ɗaya, ba a jingina ta da kowace jiha a cikin tsarin ba. Da hotonta ya iso sai manhaja ta rasa inda za ta sa shi, ta mayar da shi.

Me ya sa ba a gano haka tun da wuri ba? Domin duk zaɓukan da aka gwada shafin a kansu tun daga 2020, na gwamna ne ko na ɗan majalisa ko na ƙananan hukumomin Abuja, kowanne yana da jiharsa. Gwajin da aka yi ran 4 ga Fabrairu 2023 a waɗansu zaɓaɓɓun rumfuna ma bai tono wannan rami ba. An gwada mota a kan kwalta sau da yawa, ranar tafiya aka shiga da ita hanyar da ba ta taɓa bi ba.

AN YI FACI, AMMA NA'URORI SUN TAFI GIDA

Da aka gano ciwon sai aka shiga rubuta ɗan gajeren gyara na gaggawa, irin wanda masu kwamfuta ke kira faci, kamar dai facin taya.  Da facin ya kama, takarda ta farko ta shiga ƙarfe tara saura minti biyar na dare.

Sai dai kuma gyaran saba bai kawo ƙarshen wahala ba. Duk hotunan da aka yi ta turawa tun yamma suna nan a layi cikin na'urori suna jira, da ƙofa ta buɗe sai suka yo ca a lokaci guda, tsarin ya yi nauyi. Daɗin daɗawa, na'ura ba ta iya sauke abin da ke layinta sai tana kunne kuma tana da sabis. A wannan lokaci kuwa jami'an rumfuna da yawa sun riga sun tattara kayansu sun nufi cibiyoyin tattara sakamako, wasu sun kashe na'urorin, wasu suna kan hanyoyin karkara inda waya ba ta kamawa. Injiniya yana Abuja, gyara yana hannunsa, amma na'urar tana cikin jaka a bayan babur, kuma babu yadda za a yi a kunna ta daga nesa. Shi ya sa aka kwashe kwanaki hotuna na shiga kaɗan-kaɗan.

ABIN DA JINKIRIN YA JAWO

Washegari hukumar ta ba da sanarwa cewa matsalar ta fasaha ce, babu wanda ya yi mata kutse, ta kuma ba jama'a haƙuri. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe a zukatan mutane da yawa. Ran 27 ga Fabrairu wakilan waɗansu jam'iyyun hamayya suka fice daga zauren tattara sakamako a Abuja, suna cewa ba su yarda a ci gaba ba sai an nuna musu hotunan rumfuna. Da asubahin 1 ga Maris aka bayyana Bola Ahmed Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. A Jihar Nasarawa Peter Obi ne ya zo na ɗaya.

Aka tafi kotu. Kotun sauraren ƙarar zaɓen shugaban ƙasa ta yanke hukunci ran 6 ga Satumba 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar ran 26 ga Oktoba, cewa a ƙarƙashin dokar 2022 shafin IReV wurin kallo ne, takardar da aka sa wa hannu a rumfa ita ce madogara, saboda haka rashin shigar hoto bai isa ya rushe zaɓe ba. Shari'a ta ƙare a nan, amma har yau akwai 'yan Nijeriya da ba su yarda kuskure ne ba, akwai kuma waɗanda suka yarda. Ko wane ɓangare mutum yake, zai amince cewa 'yan sa'o'in nan sun ci wa hukumar amanar da ta yi shekaru tana tarawa.

MAKO GUDA DOMIN SAKE SAITA NA'URORI

An shirya zaɓen gwamnoni ran 11 ga Maris. Amma kafin a sake amfani da kowace BVAS dole a kwashe bayanan zaɓen farko daga cikinta a adana, sa'an nan a sake saita ta domin sabon zaɓe, kuma aikin nan na'ura bayan na'ura ake yinsa. 'Yan hamayya sun nemi kotu ta hana a taɓa na'urorin domin shaida ce a wurinsu. Sai ran 8 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba hukumar izini, kwana uku kacal kafin zaɓe. Hukumar ta ga ba a fafe gora ranar tafiya, ta ɗaga zaɓen zuwa 18 ga Maris. A wannan karo hotuna sun shiga da sauri fiye da na farko, tun da kowane zaɓe yana da jiharsa, kuma an riga an sha wuya an koyi darasi.

A Nasarawa aka bayyana Gwamna Abdullahi Sule na APC da ƙuri'a 347,209, David Ombugadu na PDP da 283,016. Rigimar da ta biyo baya ta fi tsanani a kan mazaɓun Gayam da Ciroma na cikin garin Lafiya, maƙwabtan Shabu a ƙaramar hukuma guda, kuma bayanan BVAS da takardun rumfuna su ne aka yi ta jayayya a kansu. Kotun sauraren ƙarar zaɓe ta ba Ombugadu nasara ran 2 ga Oktoba 2023, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan ran 23 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa Sule kujerarsa ran 19 ga Janairu 2024. Watau abin da 'yar na'urar nan ta riƙe a cikinta ya kai a kwashe wata goma ana shari'ar kujerar gwamna a kansa.

TA FAƊA WA 'YA'YAN MAZAUNA IKKO

Idan na hukumar zaɓe ciwo ne a tsakiya da ya hana na'urorin karkara aiki, na hukumar JAMB a 2025 gyara ne da aka rubuta daidai amma bai isa ko'ina ba. Wannan kuwa ya shafi iyaye 'yan Arewa mazauna Jihar Legas kai tsaye, domin 'ya'yansu a cibiyoyin Agege da Ikorodu da sauran unguwanni suke zana jarrabawar shiga jami'a.

An fara jarrabawar ran 24 ga Afrilu 2025. Da sakamako ya fito ran 9 ga Mayu, sai aka ga cikin yara kusan miliyan 1.95, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yaran da aka san su da ƙoƙari suka fito da makin da ko su ba su gane ba. Iyaye da malamai suka ta da murya, hukumar ta gayyato masana suka duba amsoshin yara. Ran 14 ga Mayu magatakardan hukumar a lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Bwari yana hawaye, ya amsa cewa an yi kuskure, ya ce ya ɗauki alhakin.

Bayanin da ya yi shi ne, hukumar ta kasa aikinta gida biyu, ɓangaren Kaduna da ɓangaren Legas. A kwanakin farko aka ga wani abu da ke bukatar gyara a ɓangaren Legas, aka rubuta faci, aka gwada shi, ya yi. Amma ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin sa shi ba su sa shi a sabobin waɗansu cibiyoyi ba, kuma ba a lura ba har aka saki sakamako. Cibiyoyi 157 abin ya shafa: 65 a Legas masu yara 206,610, da 92 a jihohin Abiya, Anambra, Ebonyi, Inugu da Imo masu yara 173,387, jimla 379,997. Aka kira su suka sake zama tun daga 16 ga Mayu, da gajeren lokacin shiri, alhali da yawansu suna tsakiyar jarrabawar WAEC. Da iyaye sun yi shiru sun ce ƙaddara ce, da yara kusan dubu 380 sun tafi da makin da ba nasu ba.

HAR A ƘASASHEN TURAWA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na Nijeriya ne kaɗai. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa na duk duniya wani ɗan gyara a lokaci guda, ashe akwai aibu a cikinsa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta kwamfuta miliyan 8.5 ne suka sume. Aka soke tashin dubban jiragen sama, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya. Kamfanin ya janye gurɓataccen gyaran cikin minti 78, amma kwamfutar da ta riga ta haɗiye shi ba ta iya tashi balle ta karɓi magani ta intanet. Dole ma'aikata suka riƙa bin su ɗaya-ɗaya da hannu suna goge fayil ɗin. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan gyara kashi-kashi.

TAMBAYOYIN MAI GYARA

A yau ƙananan ofisoshi a garuruwa irin Shabu, kama daga asibitin sha-ka-tafi da wurin rajistar katin ɗan ƙasa har zuwa makaranta da reshen banki, suna aiki da manhajar da ake aiko musu daga Abuja ko Ikko. Idan aka aiko sabuwa ta ƙi zama, gogaggen mai gyara yana da tambayoyin da yake bi daki-daki kafin ya hau mota.

Ta farko, kwamfuta ɗaya ce ko duka? In ofishi guda ne ya tsaya sauran suna aiki, a nemi dalili a wannan ofishi. In kuwa duka ne suka tsaya a kan abu guda, kamar ranar zaɓe, to a koma hedkwata. Ta biyu, me aka canza na ƙarshe kafin abin ya lalace, kuma da ƙarfe nawa? Kowace kwamfuta tana da rajistar da take rubuta abin da ya same ta da lokacinsa, kuma mai gyaran da bai karanta ta ba laluɓe yake cikin duhu.

Ta uku ita ce wadda ta kama JAMB. An aika daban, ya isa daban, ya zauna yana aiki daban. Allon hedkwata yana iya nuna an aika alhali kwamfutar ƙauye tana kashe a lokacin, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, ko sabis ya yanke rabin fayil ya iso. Hanyar tabbatarwa ita ce a sa kowace kwamfuta ta faɗi lambar zubin manhajar da ke cikinta, a gwama da jerin sunayen duk kwamfutocin da ake da su, a ga waɗanda suka yi shiru. Wanda bai san adadin tumakinsa ba, ba ya sanin ɗaya ta ɓata.

Sa'an nan a duba ƙananan abubuwa. Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikin kwamfuta mai riƙe mata kwanan wata. In ya mutu sai ta koma wata shekara ta baya, saba kuma ta ƙi amincewa da ita. Wani lokaci ma'ajiyarta ce ta cika. Wani lokaci ma'aikacin ofis ba shi da izinin sa sabon abu, mai kalmar sirrin kuwa an yi masa canjin wurin aiki. Wani lokaci kwamfutar ce ta tsufa, sabuwar manhaja ba ta san ta ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kyauta ran 14 ga Oktoba 2025, kuma ofisoshin da ba su sauya ba za su ƙara cin karo da irin wannan.

Rigakafi kuwa sananne ne. A fara sa gyara a ofishi biyu ko uku, kuma a zaɓi masu wahalar wuta da sabis, domin wanda ya yi aiki a Shabu zai yi a Abuja, amma wanda ya yi a Abuja ba lalle ne ya yi a Shabu ba. A gwada ainihin aikin da za a yi ranar, da yawansa da irinsa. A ajiye tsohuwar manhaja kusa yadda za a iya komawa gare ta in sabuwa ta ƙi. Kada a taɓa tsari ana jajibirin babban aiki sai dole. A kuma tabbata akwai mutum guda a kowane ofishi da ke da lambar wayar mai gyara, wanda zai bar na'ura a kunne har a ce masa ya kashe.

ABIN DA YA RAGE GA MAI KARATU

Yawancin masu karanta wannan shafi 'yan kasuwa ne da direbobi da masu gadi da 'yan canji, ba masu gyaran kwamfuta ba, amma labaran nan suna da abin da suke koya musu. Na farko, takarda ba ta mutu ba. Wakilin jam'iyya a rumfa yana da haƙƙin karɓar kwafen takardar sakamako mai sa hannu da hatimi, kuma ita ce ta yi magana a kotu a 2023. Haka rasiɗin banki, da takardar rajistar jarrabawar yaro, da 'yar takardar da ake bayarwa bayan rajistar katin ɗan ƙasa, duk a adana su a wuri mai kyau.

Na biyu, idan na'ura ta ƙi aiki, ɗan hidimar ƙasa ko akawun da ke zaune a gabanta sau da yawa shi ma jira yake kamar kowa, zaginsa ko dukansa ba ya gyara sabar da ke Abuja. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta rana da lokaci da abin da allon ya nuna, in da hali a ɗauki hoto, domin da irin waɗannan ne masu gyara ke gane inda ciwo yake.

Na uku, idan sakamakon yaro ya zo ba yadda aka san shi ba, uba ya je makarantarsu ya tambaya ko sauran 'yan ajinsu ma haka ne. In an sami da yawa daga cibiya guda, a haɗu a rubuta ƙorafi ga hukuma, a kuma sanar da Sarkin Hausawan unguwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Arewa domin su bi kadin maganar. Ta wannan hanya ce yaran Legas da na jihohin Gabas suka sami damar sake zama a watan Mayu 2025. Allah ya ba yara sa'a, ya kuma kai matafiya gida lafiya ranar zaɓe.